Ƙwaya Arba'in

Ƙwaya arba'in na ƙirga maka, Ɗanlami,
a kan faifai, daren da za ka tashi.
Kwana arba'in, in ji likitan ƙoda.
Yau hamsin da biyu.

Ka ce a can sunan maganin daban ne,
mai shago ya jujjuya kwalin, ya girgiza kai.
Takardar asibitinmu ba ta da baki a garinsu.
Da wuƙar otal kake raba ƙwaya biyu.

Na samo shi a Taminus, ruwa na dukana.
Ga shi a jakata, ba shi da fiffike.

Sanyin Jos ya sauko, na rufe taga,
na kira ka. Ka ce, "Da sauƙi."
Na san muryarka in ƙafa ta kumbura.