Alli a Kafaɗar Taya

Yatsu biyu kacal na rage mata tsawo.
Na sauya sifirin huɗu a daren Juma'a,
ni kaɗai, da jak, da tocila a baki,
a garejin bayan gidanmu da ke Ueda.
Da gari ya waye ta lafe kusa da ƙasa
kamar kyanwar da ta hango tsuntsu.
Ja ce, mai kujera biyu, ta girme ni da shekara uku.
Na zaga ta sau biyar ina yaba kaina.

Ran Lahadi, a kwana ta bakwai kan hanyar dutse,
sai na ji ta: shuu,
kamar an ja buhu a kan siminti,
ta zo ta wuce, ta bar mini ƙaurin roba.
Litinin shiru. Talata shiru.
Na bi hanyar nan har sau tara,
na murɗa sitiyari ya ƙure dama, ya ƙure hagu,
na afka gargada da gangan,
motar ta yi gum da bakinta.
Lahadi ta dawo, ƙarar ta dawo.

Na kai ta wurin tsoho Kuroiwa,
wanda kunnensa ɗaya ya mutu,
ɗayan kuwa ko noti ya yi tari sai ya ji.
Bai taɓa sufana ba.
Alli ya ɗauko, irin na 'yan makaranta,
ya shafe kafaɗar kowace taya fari fat,
ya zura hannu cikin rumfarta
ya shafa wa leɓen ƙarfen da ke sama.
Ya ce, "Chizuru, mota ba ta iya bayani da baki,
amma ki ba ta allo, za ta rubuta.
Je ki, ki dawo."

Na je, na dawo. Allin na nan, ko ƙwarzane babu.
Ya tsuguna ya daɗe yana sosa haɓa.
"Ruwa ba ya tsami banza.
Me Lahadi ke da shi wanda Talata ba ta da shi?
Tanki cike? Kaya a but?"
Na ce babu.
Can na ce, "Sai dai Baba."

Duk Lahadi nakan kai shi kabarin Mama a kan tudu,
furanni a cinya, hula a gwiwa,
tsohon direban jirgin ƙasa, kilo casa'in da ɗoriya,
ba ya cewa uffan sai mun isa.

Kuroiwa ya aro buhun shinkafa uku a maƙwabta,
ya jera su a kujerar hagu, ya ɗaura musu bel.
Na hau dutsen da baƙina marasa magana.
Kwana ta bakwai, na karya dama,
nauyi ya kwanta hagu,
shuu.

Gani ya kori ji:
tayar gaba ta hagu, allin ya goge tsawon ɗan yatsa,
leɓen ƙarfen yana ƙyalli kamar sabon cokali.

Ya ce, "Ana iya naɗe leɓen da zafi, fenti ya tsage.
Ana iya sa siririyar taya.
Ana iya barin tsohon a gida."
Ya kalle ni ta saman tabarau.
"Ko ki mayar mata da yatsa ɗaya cikin biyun da kika ƙwace."

Na mayar.
Ta ɗan rage kyau, ni kaɗai na sani.

Lahadi, kwana ta bakwai, na kasa kunne,
ba komai sai injin da iskar itatuwa.
Baba ya ɗago kai daga furanninsa, ya duba waje,
ya ce, "Ina ƙarar nan?
Da ita nake gane mun kusa."