Awon Tsohuwar Masaƙa

Ƙarfe shida, ana yayyafi a Bradford,
na kafa na'ura kan ƙafafunta uku
a tsakar tsohuwar masaƙar ulu.
Tana juya kai kamar mujiya,
tana tsintar bango ɗigo-ɗigo da haske.

Maureen, mai shekara tamanin da ɗaya,
ta nuna matakala da sandarta:
"Gaya mata ta ɗauki wannan kwarmin,
ƙafafunmu ne suka cinye dutsen."

Ta ɗauka kuwa, har tsagar bulo, har kashin tantabara.
Da dare ginin ya miƙe a kwamfutata,
ina mirgina shi da yatsa kamar goruba,
ina leƙen rufinsa ba tsani.
Warin mai da jiƙaƙƙen ulu ne ya ƙi shiga.
Ta ce in bari, wannan yana hancinta.

Kakana Jatau magini, da taki da kamu yake awo.
Soron da ya ɗaga a Zariya
damina biyu suka narkar bayan rasuwarsa,
ko hoto babu.

Sai da na adana aikin wuri uku
kafin na yi alwalar isha.