Duron Rafin Daɗi

Shekara goma sha tara ina tuƙa motar shara,
hancina ne agogona.
Na san ranar da bolar Ƙofar Marusa ke tumbatsa,
na san lungun da sai an naɗe madubi kafin a shiga.

Bana suka kafa sabon duro a kowace unguwa,
da ɗan ido a ƙarƙashin murfinsa
mai leƙen ciki, yana aunawa, yana kai rahoto.
Suka liƙa mini waya a gaban sitiyari.
Ja: ya cika, yi maza.
Kore: wuce abinka, kada ka ƙona mai a banza.

Ban so ba. Na ce wa Mamuda, yaron motata,
yau duro ne zai aike ni?
Ya ce ai gara duro da shugaban sashe,
shi ba ya zagi.

Gaskiya gaskiya ce, ko daga bakin ƙarfe ta fito:
man da ke ƙarewa Laraba
yanzu yana kai mu Juma'a.
Mun daina zuwa Ƙofar Guga mu tarar da wayam,
ina sallar la'asar a masallacin ƙofar gidana.

Sai duron Rafin Daɗi.
Sati biyu yana kore. Sati uku.
Unguwa guda, ba mai zubar da ko toka?
Hancina bai yarda ba.
Ran Talata, bayan ruwan dare, na karya kan mota
inda waya ba ta ce ba.

Ga duro tsaye, cikinsa kamar an lashe.
Ga shara kewaye da shi har gwiwa.
Leda ta toshe kwata,
ruwa ya juya ya shiga zauren tela,
akuya na tauna baƙar leda kamar harawa.

Iya Turai mai waina ta ɗago daga tanda:
"Ku da kuka kawo shi, kun tambayi wa ke zubar da shara?
Yara ne. Jikata Zulai shekararta bakwai,
ko ta yi ɗage, hannunta bai kai murfin ba.
Sai ta juye a gindinsa ta ruga makaranta."

Na tsaya ina kallon idon nan.
Bai yi ƙarya ba.
Cikinsa aka ce ya duba, cikinsa ya duba.

Muka kwashe da shebur, ni da Mamuda, har azahar.
Na ɗau hoto na tura wa yarinyar ofis
mai zama gaban allon da garin ke ƙiftawa ja da kore.
Ta kira ni da kanta. Ta ɗan yi shiru,
ta ce Baba, ban taɓa zuwa wajen ba.
Na ce to ki zo, waina na da zafi.

Ta zo. Ta sa Zulai miƙa hannu, ta auna da igiya,
ta rubuta, ta sake aunawa.
Ni dai kafin takardarsu ta fito
na roƙi bulo biyu wajen magina
na jera a gindin duron.

Jiya da hantsi waya ta yi ƙara.
Rafin Daɗi, ja wur.
Mamuda ya ce yau kai ne ke murna da cikar shara?
Na ce rufe ƙofa, mu je.