Gaba Uku da Kamu

Injiniya Asabe ta ɗauke ni haya, ni da kwalekwalena,
kwana tara, abinci nawa, mai nata.
Aikina in tsaya inda ta ce tsaya,
a bakin da Gongola ke zuba cikin tafkin Dadin Kowa,
ta saki darma a igiya, ta karanta, ta rubuta.

Gaba uku da kamu.
Gaba biyu.
Can gaba kaɗan, gorata ma ta taɓo ƙasa.

Ta ce ta yi irin aikin nan a Kudu,
inda kogi ke gamuwa da ruwan gishiri,
jirgi ɗaya ya fi unguwarmu tsawo.
Nan ƙanana ake so, masu faɗin ciki,
su ɗauki siminti da masara,
titi ya huta da tirela.
Sai dai a yashe ƙasan ruwan tukuna.

Na ce, Hajiya, yashin nan ba baƙo ba ne.
Kowace damina kogi ke kawo shi a ka,
ba ya karɓar ladan dako.
Ki kwashe a Maris, ki dawo a Oktoba,
zai gaishe ki daga inda kika bar shi.
Ta yi dariya, amma na ga ta rubuta.

Rana ta biyar dorina ta ɗago da ɗanta
daidai inda aka zana wurin ɗaure jirage.
Muka kashe inji.
Ta daɗe tana kallonmu da ido kaɗai,
kamar mai gida da ’yan awon fili.

Na nuna mata ciyawar da karfasa ke zuba ƙwai,
da lungun da tarwaɗa ke fakewa idan ruwa ya ja.
Ta tambaye ni kwando nawa muke kamawa a shekara.
Wa ya taɓa ƙirgawa?
Na ce, iya abin da ya aurar da ’ya’yana uku.
Ta ce takardarta ba ta da gurbin wannan.

Da dare ɗana Bappayo ya hana ni barci.
Shekara huɗu da difloma a ƙarƙashin katifa,
ya ce ko mai gadi ne a tashar, yana so.
Ban ce masa komai ba.
Tuwon da ke gabansa kuɗin kifi ne,
kuma gaskiya ne kifin ya ragu tun kafin ta zo.

Ranar ƙarshe ta naɗe igiyarta jiƙe,
ta ce lissafi biyu take da shi, sun ƙi zama a shafi ɗaya:
abin da jirgi zai kawo,
da abin da za a biya kogi duk shekara don ya yarda.

Ta biya ni cif, har da na goro.
Na sayi sabuwar koma da rabin kuɗin.
Rabin na ba Bappayo, ya je Gombe
ya ɗauki hoton fasfo, ko da za a nema.