Kayan da Aka Sauke a Hanya

Ƙarfe biyu da kwata na dare a Matosinhos.
Ƙamshin gasasshen kifi ya daɗe da barin titi.
Ni kaɗai a hawa na huɗu, ni da allo biyu
da gahawar da ta huce tun sha ɗaya.

Da rana Anselmo ya ajiye mini takarda:
"Graciete, duba wannan kafin Juma'a.
Wani masunci ya kira sau tara.
Ya rantse ya aiko hotuna, mu kuma mun ce babu."

Sunansa Hermínio Fangueiro.
Jirginsa ya daki dutse a bakin mashiga,
katako uku suka tsage, ruwa ya sami ƙofa.
'Yarsa ta ɗauki hotuna sha huɗu da waya,
ta maƙala su a bayan takardar neman diyya.
Amsar kamfaninmu layi ɗaya ce: babu hujja.

Ruwa ba ya tsami banza. Na bi sawu.

Abin da muke kira bas a nan ba shi da taya.
Titi ne guda da manhajojinmu ke bi su gaisa
ko da ba sa jin yaren juna.
Saƙon kansa ba nauyi, kalmomi ɗari biyu.
Goyon da ke bayansa shi ne jidali:
megabait talatin da takwas,
in an mayar da su haruffa don su shiga cikin wasiƙa
sai su kumbura kamar wake a ruwa,
su koma hamsin da ɗoriya.

Shi ya sa mai tsaron ƙofa ba ya barin su wuce.
Yakan kwance goyon ya kai rumbu,
ya rubuta lamba a goshin saƙo,
irin tikitin da ake ba ka in ka bar kwat a ƙofar gidan wasa.
Je ka da sauƙinka, in ka isa ka nuna lamba.

Na duba shi, ya yi aikinsa.
Mai raba hanya ma ya nuna hanyar gaskiya.
Sai tafinta.
Shi ke juya saƙo zuwa yaren tsohuwar na'urar inshora,
wadda ta girme ni da shekara shida.
Ya fassara suna, ya fassara kwanan wata,
ya fassara kuɗi har da sulalla,
ya kalli lambar goshi bai san ta ba,
ya share, kamar mai goge wa yaro maiƙo.

Haka saƙo ya isa tsaf, hannu rabbana,
yana cewa "ga hotuna nan a maƙale",
ba komai a bayansa sai iska.

Na buɗe rumbu.
Dokarsa: abin da ba a nema ba kwana bakwai, a zubar.
Yau kwana shida.
Ga su nan a jere, ba mai tambayarsu.
Tsagar katako. Igiyar da ta tsinke.
A na tara, hannun tsoho a jikin raunin,
yatsu a buɗe, kamar mai taɓa goshin mara lafiya.

Gyaran layi ɗaya ne: abin da ba ka gane ba, bar shi ya wuce.
Na sake tura saƙon daga farko,
na ga ya nuna lamba, ya karɓi goyonsa.

Sai na tambayi rumbu: irin waɗannan nawa ne?
Ɗari uku da sha ɗaya, tun watan Maris.
Yawancinsu an riga an zubar.

A waje jiragen asuba sun fara kunna fitila.
Nasa ba ya ciki.
Na zubar da gahawar, na ɗora wata.