Gwangwani Biyu a Bakin Tana

Matata Yeshihareg tana da gwangwani biyu
a bayan tukunyar gahawa,
tsofaffin na madara, bakinsu duk tsatsa.
Ɗaya na gwamnati, ɗaya na Ubangiji.
Ba ta rubuta komai a jikinsu ba;
na Ubangiji shi ne mai lotsawa a gefe.

Duk yammar da na ɗaure jirgi
na shigo da warin fetur da laka,
hannunta kan riga sannunta isowa.

Bana injin ya cinye mini wata huɗu.
Baƙi masu zuwa ganin tsibirai suka ɗauke ƙafa.
Sai ga Hamle, watan ruwa, watan haraji,
ya tarar da gwangwanayen suna ƙara kamar cikin mai azumi.
In an juye su wuri guda
su biya bashi ɗaya. Ɗaya tak.

Ga cocinmu na tsallake yana yoyo
daidai kan zanen Mika'ilu;
ruwa ya riga ya cinye masa fiffike guda.

Molla, ƙanen matata, ya zauna yana gutsurar injera:
"Rubuta musu rabi mana.
Wa ya ƙirga fasinjojinka, dorinar ruwa?
Ragowar ka sayi kwano ka rufa wa Allah ɗaki.
Wanda ya ɗebi na hukuma ya kai bagade
ai mala'iku kan kau da kai."

Na yi dariya, amma maganar ta bi ni shimfiɗa.
Na kwana ina rufa cocin a zuciyata,
falle bayan falle, ƙusa bayan ƙusa,
na gama tsaf, na tsaya ƙarƙashi in yi addu'a,
sai na ji har yanzu wani abu yana ɗiga,
kuma ba ruwan sama ba ne.

Ranar Laraba, da azumi a bakina,
na bi layi a ofishin haraji na Bahir Dar
tun laima tana jiƙe har ta bushe.
Mai karɓa Tiruwork ce. Na san ta:
takan tsaya ɓangaren mata da farin mayafi,
muryarta tana ɗan riga ganga.
Ta ce, "Nawa ka samu bana?"
Rabin Molla ya hau kan harshena ya zauna.
Na haɗiye shi da busasshen yawu,
na faɗi duka.

Sama ba ta buɗe ba.
Ko ɗaga kai ba ta yi ba.
Ta buga hatimi, ta ce na baya ya matso.

Ramin da ke titin unguwarmu yana nan,
har agwagi sun mai da shi gida.
Ban san cikin wa kuɗina zai kwana ba.
Wannan tambaya tasu ce, kuma akwai ranar yin ta.
Tawa ita ce wadda Tiruwork ta yi mini.

Ran Lahadi na kai wa Abba Gebrekidan bir tamanin,
ina ɓoye su a tafi kamar abin sata.
Ya dubi kuɗin, ya dubi tafki.
"Kwanon wasu sun saya," ya ce,
"yana jibge a gari, ba ya iyo."

Sawu shida na yi, da fetur na bashi,
iska tana neman ƙwace fallayen,
Molla a goshin jirgi ya danne su da ƙirji
yana zagina, yana kiran sunan Maryamu.

Da na koma gida, kafaɗa ta ƙi ɗaguwa,
na ga takardar haraji a naɗe
cikin gwangwani mai lotsawa.
Na ce, "Yeshi, kin yi kuskuren gwangwani."
Tana fifita garwashi, ba ta juyo ba.
Ta ce, "Bar ta nan."