Yatsun Dougal

Shekara talatin da ɗaya Dougal Rennie yana walda
inda ake ƙera jiragen ruwa a bakin kogin Clyde.
Ran da aka rufe ƙofa, an ba shi agogo da takarda.
Agogon yana tafiya. Shi ne ya tsaya.

Yanzu duk Talata, a cibiyar koyon sana'a,
yana gaban kwamfuta, ruwan Glasgow na dukan taga.
Malamar, Morven, ba ta kai 'yarsa ta fari ba.
Ta ce, "Taɓa a hankali."
Yatsan da wuta ta gasa
ya danna harafi ɗaya, uku suka fito.

An ce gemu ba ya hana ilimi.
Ba a ce yana sauƙaƙa shi ba.

Takardun neman aiki arba'in ya aika.
Amsa biyu, duka "mun gode."

Jiya ƙafar kujerar Morven ta ɓalle.
Ya kifa ta, ya shafa karayar da babban yatsa,
ya ce, "Wanda ya haɗa wannan, sauri yake yi."
Matasa shida suka taso suka zagaye shi.
Har aka tashi, ba wanda ya koma mazauninsa.